Gayyar da Ta Hau Mota

A da gayya ba ta hawa mota. Wanda gonarsa ta fi ƙarfinsa ko jinkar ɗakinsa ta zube sai ya raba goro, samarin unguwa su fito da fartanya da garma, mata su dama fura su tuƙa tuwo, makaɗi ya rataya gangar noma, kafin la'asar an kai ƙarshen kunya. Kowa ya san kowa, kowa kuma ya san cewa in ya yi ha'inci yau, gobe a gonarsa za a rama. Gayyar zamani kuwa a Kwangila ko PZ ta Zariya take haɗuwa da sassafe, ta cika bas mai cin mutum 18, ta nufi wani ƙauye a Ikara ko Makarfi ko Kudan domin duba marasa lafiya kyauta, ko gyaran famfon tuƙa-tuƙa, ko rufa ajin da iska ta yaye wa kwano. Mafi yawan waɗanda ke cikin motar ba su da gona a can, ba su da dangi, ba kuma wanda zai rama musu. Wani lokaci 'yan agaji ne masu kaki da jar hula ko shuɗiya, irin na Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a Kaduna a 1962, ko na Fityanul Islam, ko na Izala da ta samo asali a Jos a 1978. Wani lokaci 'yan Red Cross ne, ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ko samarin da suka haɗu a WhatsApp suka yi karo-karo. Tambayar ita ce, tun da ba ramuwa, me ya fito da su daga gado? Amsar da aka saba bayarwa a wurin jawabi ita ce neman lada, kuma ba ƙarya ba ce. Sai dai duk wanda ya kalli motar nan da kyau zai ga kowa ya rataya wata 'yar buƙata tasa a gefen neman ladan, kamar yadda matafiyi ke rataya buta a gefen kaya. Ra'ayina shi ne waɗannan ƙananan buƙatu su ne ke kai motar ƙauye, kuma wanda ya ce sai ya tankaɗe su kafin a tashi, motarsa ba za ta bar tasha ba.

A fara da wanda ya sa lokaci. Shi ne Ciyaman, wanda ya rubuta tun daren jiya cewa ƙarfe shida daidai za a tashi, kuma wallahi ko uban waye ba za a jira ba. Ƙarfe shida daidai ba kowa a wurin sai direba da mai shayi. Ciyaman kan iso wajen bakwai da rabi da babbar riga da ƙamshin turare, ya fara da faɗan rashin mutunta lokaci, abin da ya ce shi ya hana ƙasar nan ci gaba. Buƙatarsa ƙarama ce ƙwarai: kujerar gaba, da a ce masa "ranka ya daɗe" a gaban dagaci. A madadin wannan shi ya rubuta wa hakimi takarda, shi ya yi zarya sakatariyar ƙaramar hukuma har aka sa hannu, shi kuma za a kira in wani abu ya ɓaci. Kujerar gaba ba ta yi tsada ba. Bayansa akwai Ga-ni-nan, wanda duk lokacin da aka buga masa waya zai ce yana kwana, ba tare da ya faɗi wace kwana ba, alhali ana jin ƙarar zubar ruwa a bokiti ta bayan muryarsa. Ba a iya tafiya a bar shi, domin tun jiya ya yi dabarar kwana da injin awon hawan jini a gidansa. Wannan mutum ya fahimci siyasa fiye da 'yan majalisa: wanda ke riƙe da abin da ake buƙata ba ya latti, jiransa ake yi.

Ma'aji shi ne mutumin da ya fi kowa baƙin jini a motar, kuma shi ya fi kowa cancantar addu'a. Yana rungume da jakar fata kamar jariri, da littafi mai layi-layi wanda ya rubuta sunan duk wanda ya yi alkawarin gudummawa a gefe ɗaya, da na wanda ya cika a ɗaya gefen, gefen farko ya kai shafi uku, na biyu bai cika rabin shafi ba. Tun daga 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki ta kuma ci gaba da hawa, Ma'aji bai ƙara yin dariya har haƙora su fito ba. Yana neman rasit a hannun mai ƙosai. In aka ce a sayi ruwan leda jaka biyu zai tambayi ko akwai wanda ba ya jin ƙishi. Jin daɗinsa ɗaya ne a duniya, ranar taro ya miƙe ya karanta lissafi har zuwa naira hamsin ɗin ƙarshe, ya zauna yana kallon waɗanda suka taɓa zarginsa. Abokin gabarsa na har abada shi ne Mai-ciki, wanda ya ɗauki tafiyar a matsayin ziyarar kasuwannin bakin hanya. Bai san sunan ƙauyen da za a ba, amma ya san inda ake tsire mai kyau a Tashar Yari, ya san a ƙasar Makarfi rake ya fi araha kuma mazarƙwailarta ba ta da gauraye, ya san lokacin da dafaffiyar gyaɗa ke fitowa. Kafin a yi nisa ya cika ƙasan mota da tuƙar rake. Amma a lura, Mai-ciki ba ya ci shi kaɗai. Duk abin da ya saya sai ya zaga kujeru, kuma mutum goma sha takwas da ba su san juna sosai ba, da zarar sun yi layi suna tauna rake suna tofarwa ta taga, sun zama tawaga. Taron bita na kwana uku a otal ba ya yin wannan aikin.

Akwai ɗan'uwan Mai-ciki da ya fi shi hangen nesa, wato Ɗan-kasuwar Ɓoye. Ana gane shi ne da buhuna biyu da ya naɗe ya zauna a kai, wai saboda kujerar tana da tauri. Kudan da Hunkuyi ƙasar noman rani ce, ta tumatir da albasa da tattasai, har da inabi a shekarun nan, kuma shi ya san bambancin farashin kwando a bakin gona da na kasuwar Sabon Gari. Da komowa za a ga akwatin magani da ya zama fanko a kan cinyar wani, kwandunan tumatir kuwa sun sami wuri mai kyau a but. Ana iya yi masa tsiya, ana kuma yi. Sai dai shi kaɗai ne a motar yake magana da manomi a matsayin sa'a. Sauran sun zo ba da taimako, shi ya zo ciniki, kuma a wurin ciniki ne mutum ke jin cewa famfon da za a gyara an taɓa gyara shi sau biyu, da sunan wanda ya kwance kansa ya sayar.

Masanin Hanya kuwa sai an yi haƙuri da shi, domin shi ne sanadin rabin abin da ake ba da labari in an dawo. Hanyar ba ta da wani sirri: in Makarfi ko Ikara aka nufa a hau tagwayen titin Zariya zuwa Kano a sauka inda ya kamata, in Hunkuyi ce, hedikwatar Kudan, a bi ta Basawa kamar mai zuwa Danja. Amma shi ya san wani yanke. Ya bi shi da kawunsa a kan babur wata shekara da ba ya iya tunawa, kuma in an bi ta nan minti ashirin an isa. Da ya ga ana shakka sai ya fara jero sunaye kamar mai karanta wasiyya, Gubuchi, Gazara, Mayere, Nasarawan Doya, Dandamisa, har ya tsallaka Paki da Saulawa da Kurmin Kogi ba tare da ya lura ya shiga wata ƙaramar hukumar ba. Sunayen duk na gaskiya ne, jerin ne nasa. Direba ya ce hanyar lafiya a bi ta da shekara, Ciyaman da ke son a ga ya yanke hukunci ya ce a gwada. Bayan rabin awa motar na tsaye a bakin wata fadama, gonar rake hagu da dama ta fi mutum tsawo, tayar baya na juyawa a laka, Masanin Hanya ya fito yana dafe da ƙugu yana cewa da can akwai kwalbati a nan. A nan ne ake yin aikin gayyar farko na ranar, tun ba a isa ba, kowa ya naɗe wando ya sa kafaɗa. A nan kuma ake sanin wa zai yi aiki in an isa, domin akwai mai turawa, akwai mai ɗora hannu a jikin mota yana nishi, akwai mai tsayawa a tudu yana cewa "ku haɗa ƙarfi." Shugaba mai hankali a wannan fadamar yake raba aikin ranar a zuciyarsa.

Malam ba ya rasa a irin wannan tafiya, kuma alheri ne, sai in sun zama biyu. In ɗaya ne zai yi addu'ar hawa abin hawa, ya yi nasiha gajera a kan ikhlasi, ya ja carbi har a isa. In biyu ne, ɗaya na ɗariƙa ɗaya na Izala, to rediyon mota ya huta. Batun da ya fi ɗaukar lokaci shi ne ƙasaru. A mazhabar Malikiyya da aka karanta a zaurukan Zazzau, tafiyar da ake rage salla a cikinta mil 48 ce, kuma Zariya zuwa Hunkuyi ko Makarfi ko kusa ba ta kai ba, don haka ba gardama. Amma in wani ƙauye ne can cikin ƙasar Ikara, sai a fara lissafi: daga ina za a fara ƙirga, daga Kwangila ko daga ƙarshen gine-ginen gari, kuma yanken da Masanin Hanya ya ɓatar da mutane a ciki yana shiga lissafi ko ba ya shiga? Har a tambayi direba abin da mitar mota ta nuna, ya ce mitar ta mutu tun kafin ya sayi motar. Abin lura shi ne in an isa aka tarar da magidancin da ya hana a duba matarsa ko a ɗiga wa ɗansa rigakafi, waɗannan biyun da suka yini suna musu su ne za su zauna da shi a zaure, ɗaya ya kawo aya ɗaya ya kawo hadisi, ba a jin kansu. Arewa ta san darajar wannan zama. Bayan ƙauracewa rigakafin shan inna da aka yi a Kano da wasu jihohi a 2003, malamai da sarakuna da mata masu bin gida-gida ne suka dawo da amincewar jama'a kaɗan-kaɗan, har aka kai ga shelar da aka yi a watan Agustan 2020 cewa an rabu da ƙwayar cutar ta daji a Nijeriya da Afirka baki ɗaya.

Tun da an ambaci mata, a kujera ta biyu akwai Hajiya, wadda ƙananan ke ce wa Anti, manyan su ce Sista. Galibi ma'aikaciyar jinya ce ko ungozoma, wataƙila ma a kwalejin kiwon lafiya ta Makarfi mai sunan marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris ta yi karatu, don haka ƙasar ba baƙuwarta ba ce. Ta zo da kula biyu, ɗaya ta magani ɗaya ta dambu, kuma ba wanda ya isa ya taɓa ko ɗaya sai da izininta. Ba ta da muƙami a takarda. Amma in ta ce "Malam direba, rage gudu, muna da 'ya'ya," sai a ji ƙafa ta sauka daga totur, abin da Ciyaman ya faɗa sau uku ba a ji ba. Laifinta ɗaya, ta ɗauki duk wanda ke motar a matsayin ɗan da bai yi wanka ba, kuma kafin a isa ta nema wa gwauraye biyu mata. Gaskiyar da maza ba sa son a faɗa ita ce, a ƙauyen da aka rubuta "ba shiga" a ƙofar kowane gida, su goma sha biyar iyakarsu gindin bishiya da ƙofar masallaci. Rabin mutanen garin, kuma rabin da ya fi buƙatar magani, Hajiya da 'yan matan da ke bayanta ne kaɗai za su gan su.

Can kujerar baya an matse mutum uku da ba su da bakin neman wuri mai kyau. Akwai ɗan bautar ƙasa, wanda yara ke bi suna kira kofa, ɗan Enugu ko Ibadan da shirin da Janar Gowon ya kafa a 1973 ya jefo shi wata makarantar ƙauye. Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "nawa ne" da "ba Hausa" ba, yana murmushi duk lokacin da aka yi dariya don kada a ce da shi ake. Yana son a sa masa hannu a takardar hidimar al'umma, wannan ita ce butarsa, amma sau da yawa shi ne ya karanta haɗa magunguna ko aikin injiniya. Kusa da shi Mai-barci, wanda kansa ya sauka a kafaɗar kofa tun kafin a fita Zariya, ba zai farka ba sai ya ji an kashe mota, ya buɗe ido ya ce hanyar ba nisa ashe. Sai Mai-an-ce, wanda kunnensa ke manne da waya, an ce jiya an tare hanya, an ce an ga baƙin fuska a kan babura. In aka tambaye shi a ina, sai ka ji wurin yana wata jiha. A shekarun nan da satar mutane ta addabi sassan jihar Kaduna ba mai yi wa tsoronsa dariya da zuciya ɗaya, kuma godiya ta tabbata gare shi, saboda nacinsa ne ake haɗa kaya tun la'asar a kamo hanya da sauran rana.

Na bar Mai-hoto zuwa nan da gangan, domin a kansa ne ƙorafi ya fi yawa. Shi ne ya sa aka buga riguna masu tambari, shi ya zo da kyallen da za a ɗaura a jikin mota, shi ke tsayar da tafiya a gindin allon da aka rubuta sunan gari don a yi layi. A wurin aiki zai karɓi shebur daga hannun wanda ya yi awa biyu yana haƙa, ya riƙe na daƙiƙa goma, a ɗauka, ya mayar. Wanda aka karɓi shebur ɗin daga hannunsa shi ne Mai-shiru, wanda ba wanda ya tuna lokacin da ya shigo mota, ba ya cikin kowane hoto sai dai a ga gwiwar hannunsa a gefe, kuma shi ya tuna da kawo sifana. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Masu ƙorafi na cewa wannan riya ce tsagwaronta, riya kuwa tana cinye lada, don haka gara tawagar mutum biyar irin Mai-shiru da ta ashirin irin wannan tarkace. Maganar tana da nauyi, kuma ta fuskar lada ba ni da ta cewa, wannan hisabi ne tsakanin bawa da Ubangijinsa. Amma ta fuskar ƙauye lissafin daban ne. Hotunan nan da Mai-hoto ya watsa a Facebook su ne wani ɗan kasuwa a Kaduna ko ɗan garin da ke aiki a Abuja ya gani ya aiko da kuɗin man tafiya ta gaba. Mai-shiru ba ya iya roƙo, in aka bar shi da irinsa za su yi aiki mai kyau sau ɗaya, asusu ya ƙare, su koma gida cikin mutunci. Ruwan famfon kuma in ya zubo ba ya ɗanɗanon niyyar wanda ya riƙe shebur. Iyakar da ya wajaba a ja wa Mai-hoto ita ce fuskar mara lafiya da ta mai karɓar sadaka. Ya ɗauki kansa yadda yake so, amma tsohuwar da ta zo neman maganin ido ba ta zo tallar ƙungiya ba.

Wani zai ce ai rashin kunya ne mutum ya zauna yana zolayar waɗanda suka bar iyalinsu ranar hutu suka tafi yi wa wasu aiki kyauta. Wanda ya faɗi haka ya manta yadda gayya take tun asali. Makaɗin noma ba kirari kaɗai yake yi ba, yana yi wa wanda aka bari a baya zambo, yana ambaton wanda ya zo don tuwo, jama'a na shewa, wanda aka taɓa ya ƙara sunkuyawa. Ba a taɓa ɗaukar wannan a matsayin raini ba, shi ne ma yake sa a kai ƙarshen gona. Kuma mai gayya bai taɓa jin kunyar cewa tuwo da fura da kallon 'yan mata masu kawo ruwa suna cikin abin da ke tara masa samari ba. Kakanninmu sun san mutum, shi ya sa ba su kira gayya da wa'azi kawai ba, sai da suka ɗora tukunya. Tawagar da ba a tsokanar juna a cikinta, kowa ya ɗaure fuska yana jin shi mai ceton talakawa ne, ita ce abar tsoro, domin wanda ba ya yarda a yi masa dariya a mota ba zai yarda dagaci ya gyara masa magana ba.

Ƙorafin da ya fi wannan ƙarfi na masu lissafi ne. Suna cewa a tara kuɗin hayar mota da na mai da na riguna da na dambu, a miƙa wa mutanen garin, su da suka san inda ɗakinsu ke yoyo, su yi aikin da kansu. A wani ɓangare sun yi gaskiya, kuma ya kamata a faɗa ba kwana-kwana. In aikin sharar magudana ne ko yaɓen katanga, ɗauko ma'aikatan ofis daga Zariya su je su nuna wa manoman Likoro ko Auchan yadda ake riƙe shebur abin dariya ne, yaron gari ɗan shekara sha biyar zai yi a awa ɗaya abin da su biyar za su yini a kai. Amma ba a aika awon ido a ambulan, ba a tura gwajin ciwon suga ta waya, kuma makanikin da ya san cikin famfo dole ƙafarsa ta taka wurin. Bayan haka akwai abin da motar ke ɗaukowa in za ta dawo, ban da tumatir. Mutum goma sha takwas da suka tura mota a laka sun san abin da mai naƙuda ke fuskanta a wannan hanyar da damina, sanin da ba a samu a rahoto. Wasunsu gobe su ne a ma'aikata, su ne a majalisa. Zuwa da kai ya fi aike, ko da wanda ya je ɗin rabin hankalinsa na kan rake.

Duk da wannan sassauci, akwai mutum ɗaya da ban ga amfanin ajiye masa kujera ba, kuma abin takaici shi ya fi kowa daɗin baki. Shi ne Mai-alkawari. Sauran duk butarsu a kan tawaga take ɗiga, tasa a kan mutanen gari. Da ya ga an taru a ƙofar fada an shimfiɗa tabarmi, sai wani abu ya taso masa, ya karɓi lasifika ya ce wannan somin taɓi ne, in sha Allahu za a dawo da asibiti, za a yi magana da manya a kan hanya, har wutar lantarki yana da wanda zai gani. Wani lokaci yana da ido a kan kujerar kansila ko ta mazaɓar Makarfi da Kudan, wani lokaci kuwa ba ya neman komai, tafi kawai yake so. Mutanen wannan yanki ba yau suka fara ganin baƙi da tsare-tsare ba. Tun ƙarshen shekarun 1930 Turawan mulki suka zo Anchau, maƙwabciyar Ikara, da shirin yaƙi da ƙudan tsando da ciwon barci, suka sare kurmi, suka tashi ƙauyuka, suka gina sabon gari suka sa masa suna Takalafiya. Kamfanin sarrafa tumatir na Ikara da aka kafa a farkon shekarun 1980 ya sha rufewa da buɗewa, kowace buɗewa da jawabinta, manomi kuwa yana kallon kwandunansa na ruɓewa a bakin titi in kaka ta yi. Jama'ar da ta ga wannan tana da ma'aunin baƙo, kuma tana ajiye lissafi fiye da Ma'aji. Alkawarin da aka yi da lasifika aka tafi, tawagar da za ta zo bayan shekara biyu ita za ta biya shi, za ta tarar an gaishe ta da ladabi an bar ta da tabarmi. Wanda ya fi jin zafin abin shi ne Ɗan-gari, wanda ya jawo tawagar zuwa mahaifarsa, ya yini yana addu'ar kada a kunyata shi, yana roƙon a ɗan biya ta ƙofar gidansu ko na minti biyar ne don Inna ta ga motar. Da ɗan gari akan ci gari, amma kowa zai koma Zariya ya kwanta, shi ne zai dawo da Salla a tare shi a ƙofar masallacin Idi a tambaye shi labarin asibiti.

Saura direba, wanda shi kaɗai ne a motar ba ɗan sa kai ba, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. An yi ciniki da shi, an ba shi rabi, yana jiran rabi. Ya ɗauki 'yan agaji, ya ɗauki 'yan kai amarya, ya ɗauki 'yan kamfen, a wurinsa duk kaya ne masu magana. Da an isa, yayin da Ciyaman ke gyara hula zai shiga gaida dagaci, Mai-hoto na neman inda rana ba ta bugo ba, Hajiya ta riga ta shige gidan mai unguwa da kularta, shi sai ya ja motar gindin mangwaro, ya buɗe ƙofofi, ya cire takalmi ya miƙe a kujerar da malaman nan biyu suka yi musu a kai. Kafin ya rufe ido yakan leƙo ya ce wa Ciyaman, "Ranka ya daɗe, ƙarfe huɗu zan tayar, ko da mutum ko ba mutum." Ƙarfe huɗu kowa na ciki har da kwandunan tumatir, an ƙirga an sami goma sha bakwai. Aka buga wa Ga-ni-nan waya, ya ce yana kwana.